Laifi ɗaya, shari'a iri-iri: yadda ake hukunta masu laifi a ƙasashen da Hausawa ke zaune

Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 90 ce, kuma jama'ar garuruwan biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, da yawansu ma danginsu ɗaya. To amma wanda aka kama bisa zargin sata a Jibiya da wanda aka kama bisa irin wannan zargi a Ɗan Isa, hanyoyi daban-daban za su bi kafin a yanke musu hukunci. Na farko zai iya samun kansa gaban majistare ko gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci. Na biyu zai faro daga hannun jandarmomi, ya wuce wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wataƙila kuma ya biya ta ofishin alƙalin bincike kafin ya ga zauren kotu.

Haka lamarin yake ga Hausawan Garwa da Marwa a Kamaru, da na Njamena, da na zangon Kumasi da Akara, da na Mai Wurno a Sudan. Fatake da direbobi da 'yan ci-rani suna ƙetara iyaka kullum, kuma dokar ƙasar da mutum yake ciki ita ce ke hawa kansa, ko ya san ta ko bai sani ba. Bambancin ya fi fitowa fili a wurare biyar: wanda ke da alhakin bincike, tsawon lokacin da za a iya tsare mutum, yadda ake samun beli, yadda ake gudanar da zaman kotu, da kuma irin hukuncin da ake yankewa.

Inda bambancin ya samo asali

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa suna yin shari'a ne da fiƙihun Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, tare da al'adun gari. Da Ingila da Faransa suka raba yankin ta hanyar yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kowace ta shigo da tsarinta.

Tsarin Faransa ya ginu ne kan kundin dokoki rubutattu. A zamanin Napoleon aka fitar da kundin binciken laifuka a 1808, da kundin hukunta laifuka a 1810. A yankunan mulkin mallaka an daɗe ana amfani da kotunan 'yan ƙasa da kuma dokar da ta bai wa kwamandan Bature ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. A 1946 aka soke wannan doka, aka kuma ƙwace shari'ar laifuka daga hannun kotunan 'yan ƙasa, dokar Faransa ta hau kan kowa. Wannan ne ya sa tun kafin samun 'yanci alƙalan Musulunci na Damagaram da Maraɗi da Tawa suka daina hukunta laifuka, aka bar musu sha'anin aure da gado da sulhu. Nijar ta fitar da nata kundin hukunta laifuka da na tsarin shari'a a 1961, dukansu bisa salon Faransa, an kuma yi musu gyare-gyare da dama, ciki har da na 2003 da ya mayar da bautar da mutum babban laifi. Chadi ta sabunta nata a 2017.

Ingila kuwa ta bi ta hannun sarakuna. A arewacin Najeriya, Lugga ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna shari'ar laifuka har da kisan kai, sai dai ya hana yanke hannu da makamantansa, kuma hukuncin kisa sai gwamna ya amince. An ci gaba a haka har dab da samun 'yanci, lokacin da gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Sakamakon aikinsu shi ne kundin da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Kudancin Najeriya na amfani da wani kundi daban tun 1916, wanda aka ɗauko daga jihar Kwinslan ta Ostireliya. Gana ma ta gaji tsarin Ingila, ta kuma rubuta dokokinta na laifuka a 1960.

Kamaru ta haɗa biyun, domin bayan yaƙin duniya na farko an raba ta tsakanin Faransa da Ingila, aka sake haɗe ta a 1961. Shekaru da dama kowane ɓangare yana bin nasa tsarin shari'ar, sai a 2005 aka yi kundi guda na ƙasa baki ɗaya, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007. Duk da haka batun bai mutu ba: yajin aikin da lauyoyin yankunan masu magana da Ingilishi suka fara a Oktoban 2016, kan turo musu alƙalan da ba su san tsarin Ingila ba, yana cikin abubuwan da suka haddasa rikicin da ake fama da shi a can.

Wa ke riƙe da bincike

A ƙasashen da suka gaji Faransa, laifuka sun kasu kashi uku: ƙananan saɓa doka da tara ke biyo bayansu, matsakaitan laifuka irin su sata da zamba da duka, sai manyan laifuka irin su kisan kai da fyaɗe da fashi da makami. Kowane rukuni da kotunsa. 'Yan sanda a birane da jandarmomi a karkara suna aiki ne ƙarƙashin kulawar mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda shi ma majistare ne da ya yi makaranta ɗaya da alƙalai. Shi ke yanke shawarar ko a rufe magana, ko a kai mutum kotu kai tsaye, ko a miƙa shi ga alƙalin bincike.

Alƙalin bincike shi ne abin da ya fi bambanta wannan tsari da na Ingila. Aikinsa neman gaskiya ta fuska biyu, wato ya tattara abin da ke tabbatar da zargi da kuma abin da ke wanke wanda ake zargi. Yana yi wa mutum tambayoyi a ofishinsa, ya kira shaidu, ya haɗa su fuska da fuska, ya sa likita ya yi gwaji, ya ba da umarnin binciken gida. Komai ana rubuta shi a saka cikin fayil. A ƙarshe ko dai ya ce babu hujjar shari'a ya sallami mutum, ko ya tura shi gaban kotu. A manyan laifuka dole ne a bi ta hannunsa. Kamaru ta taɓa soke wannan muƙami a 1972, sannan kundin 2005 ya dawo da shi.

A Najeriya da Gana babu irin wannan alƙali. 'Yan sanda ne ke bincike, kuma a ƙananan kotuna galibi ɗan sanda ne ke gabatar da ƙara. Manyan laifuka ana tura fayil ɗinsu ma'aikatar shari'a, inda lauyoyin gwamnati da ke ƙarƙashin Antoni Janar za su ba da shawara. Alƙali ba ya shiga bincike. Yana jira ne ɓangarorin biyu su kawo masa hujjojinsu, ya auna.

Hanyar zama alƙali ma ta bambanta. A tsarin Faransa matashi na cin jarrabawa ya shiga makarantar horar da majistarori, kamar ta Bordo a Faransa ko ta Yawunde a Kamaru, ya fito ya fara aiki. A Najeriya sai lauya ya shafe aƙalla shekara 10 da samun izinin aiki kafin a naɗa shi alƙalin babbar kotu. Kazalika a tsarin Ingila hukuncin da kotun sama ta yanke yana zama doka ga na ƙasa da ita, yayin da a tsarin Faransa nassin kundi ne kan gaba.

Sa'o'in farko a hannun hukuma

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. A Gana wa'adin sa'a 48 ne, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ranakun Asabar da Lahadi da na hutu suna cikin lissafi, don haka ba hujja ba ce a ce an kama mutum ranar Juma'a sai Litinin.

A Nijar da Chadi tsarewar bincike sa'a 48 ce, mai gabatar da ƙara na iya ƙara wasu 48. A Kamaru ma sa'a 48 ce da za a iya sabuntawa, kuma doka ta hana a fara tsare mutum ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu sai idan an kama shi dumu-dumu yana aikata laifin. Tsarin mulkin Benin ya ce ba za a wuce sa'a 48 ba sai da izinin majistare, kuma ko da izini ba za a wuce kwana 8 ba. A Faransa kanta sa'a 24 ce, ana iya ninkawa, a Ingila ma daga sa'a 24 ake farawa.

Zargin ta'addanci yana sauya wannan lissafi kusan ko'ina. Dokar Kamaru ta Disambar 2014 ta ba da damar tsarewa ta kwana 15 da za a iya ta sabuntawa, ta kuma miƙa irin wannan shari'a ga kotunan soja ko da wanda ake zargi farar hula ne. Nijar na da sashe na musamman a Yamai da ake kai duk masu irin wannan zargi, ko daga Difa aka kamo su. Wannan ya shafi mazauna yankin Tafkin Chadi kai tsaye.

Game da lauya, ƙa'idar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa na Yammacin Afirka ta 2014 ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin kama shi, kuma ta shafi Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa. A Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi abubuwa biyu da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani: haramun ne a kama wani a madadin wanda ake nema, kamar a tsare uba don ɗa ya gudu, kuma haramun ne a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Dokar ta tarayya ce, amma jihohi sun yi irin tata.

Beli da zaman jiran shari'a

A tsarin Ingila beli shi ne hanyar da aka saba: mutum ya kawo mai tsaya masa, wanda zai ɗauki alkawarin biyan wasu kuɗi idan ya gudu. A ofishin 'yan sandan Najeriya beli kyauta ne a dokance, kuma dokar 2015 ta ce mace ma na iya tsaya wa mutum. Laifukan da hukuncinsu kisa ne kawai ke da wuyar beli, sai babbar kotu kuma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Gana Kotun Ƙoli ta soke jerin laifukan da ba a ba da belinsu a 2016, ta ce alƙali ne zai duba kowace shari'a da kanta.

A tsarin Faransa alƙali ne ke rubuta takardar kai mutum gidan kaso, kuma shi ake roƙo ya yi sakin talala. Abin da ya fi dubawa shi ne ko mutum na da tabbataccen wurin zama da sana'a, ta yadda za a same shi idan an neme shi. A nan ne baƙo ya fi shan wahala, domin bafatake ko direban da gidansa ke wata ƙasa ana yi masa kallon mai iya gudu. Dokar Kamaru ta kayyade wannan tsarewa da wata 6, ana iya ƙara wata 6 a matsakaicin laifi, ko wata 12 a babban laifi.

Duk da waɗannan wa'adodi, jiran shari'a ita ce cutar da ta game tsare-tsaren baki ɗaya. A Najeriya kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yari ba a yanke musu hukunci ba. Babban dalili shi ne yadda ake kai mai babban laifi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron shari'ar, a ajiye shi a gidan yari ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wani lokaci shekaru. A ƙasashen tsarin Faransa kuwa fayiloli ne ke taruwa a teburin alƙalin bincike guda. Gana ta fara wani shiri a 2007 inda alƙalai ke zama a cikin gidan yari su duba shari'ar waɗanda suka daɗe a tsare, kuma hakan ya rage yawansu sosai.

A zauren kotu

A kotun Kano ko ta Kumasi, lauyoyi ne ke jan ragamar zama. Mai gabatar da ƙara ya kira shaidunsa, lauyan wanda ake tuhuma ya yi musu tambayoyin ƙure, alƙali na saurare yana rubutu. Wanda ake tuhuma na da damar yin shiru. Shaidar baka da aka bayar a gaban kotu ita ce mai nauyi, kuma dole hujja ta kai matakin da babu sauran kokwanto mai ma'ana.

A kotun Damagaram ko ta Njamena, shugaban kotu ya riga ya karanta fayil kafin zama. Shi ke yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi, ya tuna masa abin da ya faɗa wa jandarmomi, ya tambayi tarihinsa da halinsa. Lauyoyi na magana daga baya, kuma wanda ake tuhuma ne ke da kalmar ƙarshe. Alƙali na yanke hukunci bisa gamsuwar zuciyarsa da hujjojin da aka baje. Saboda haka takardar bayanin da mutum ya sa wa hannu a daren farko tana bin sa har ƙarshen shari'a. Kamaru ta ɗauki alƙalin bincike daga Faransa, ta kuma ɗauki tambayoyin ƙure da damar ƙalubalantar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba daga Ingila.

Ana yawan cewa a tsarin Faransa mutum mai laifi ne har sai ya wanke kansa. Wannan kuskure ne. Sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Faransa ta 1789 ta tanadi cewa kowa marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan Adam, wadda duk waɗannan ƙasashe suka sa wa hannu, ta maimaita haka a sashe na 7.

Akwai wasu bambance-bambance uku masu amfani. Na farko, a tsarin Faransa wanda aka cuta na iya shiga shari'ar a matsayin mai neman diyya, a yanke hukuncin laifi da na biyansa a zama ɗaya. Na biyu, ana iya yi wa mutum shari'a a bayan idonsa a yanke masa ɗauri, ya dawo ƙasar bayan shekaru ya tarar da takardar kamu na jiransa. A tsarin Ingila asali sai mutum na nan. Na uku, laifi na iya tsufa: a Kamaru idan shekara 10 ta wuce a babban laifi, ko 3 a matsakaici, ba tare da an ɗauki wani mataki ba, ba za a ƙara tuhuma ba. A tsarin Ingila manyan laifuka irin su kisan kai ba sa tsufa.

Batun talakawa masu taya alƙali yanke hukunci, wanda ake gani a finafinan Amurka da mutum 12, bai yaɗu a yankin ba. Najeriya ta daina amfani da su. Gana na zaɓen mutum 7 a shari'ar kisan kai da makamantanta. A Faransa babbar kotun laifuka na da alƙalai 3 da talakawa 6. A Amurka ɗin ma fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukunce ana samun su ne ta hanyar ciniki, inda mutum zai amsa laifi a rage masa hukunci. Najeriya ta shigar da wannan hanya cikin dokar 2015, Gana kuma a 2022.

Shari'ar Musulunci

A ranar 27 ga Janairun 2000 jihar Zamfara, ƙarƙashin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki da kundin laifuka na shari'ar Musulunci. Jihohi 11 suka bi sahu: Sakkwato, Kebbi, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi, Gombe, Kaduna da Neja. An rubuta hukunce-hukuncen a kundi ne saboda tsarin mulkin Najeriya ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba. Kundin na hawa kan Musulmi, ko daga wace ƙasa suka zo, wanda ba Musulmi ba kuwa sai da yardarsa.

Fiƙihu ya kasa laifuka uku. Haddi shi ne mai ƙayyadadden hukunci, kamar sata da fashi da zina da ƙazafi da shan giya. Ƙisasi ya shafi kisa da rauni, inda haƙƙin na dangin mamaci ne: su nemi ramuwa, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Ta'aziri kuma shi ne abin da aka bar wa alƙali ko hukuma su ƙayyade. Sharuɗɗan haddi na da tsauri. Zina na buƙatar shaidu huɗu ko iƙirari, kuma mai iƙirari na iya janyewa. Sata sai kayan sun kai nisabi kuma an ɗauke su daga ma'ajiyarsu. Shubuha tana kawar da haddi.

An yanke wa Buba Bello Jangebe hannu a Zamfara a Maris ɗin 2000 kan satar saniya. Hukuncin jefewa kuwa ba a taɓa zartar da shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Sakkwato ta wanke Safiya Husaini a Maris ɗin 2002, ta Katsina ta wanke Amina Lawal a Satumban 2003, kuma dukansu da hujjojin fiƙihun Malikiyya aka wanke su, ciki har da mas'alar kwantaccen ciki. Mafi yawan aikin waɗannan kotuna a yau ƙananan laifuka ne da shari'ar aure da gado da bashi, kuma jama'a na son su saboda da Hausa ake yi, ga sauri da sauƙin kuɗi. Ɗaukaka ƙara na iya kaiwa har Kotun Ƙoli a Abuja.

A Sudan, Ja'afar Numairi ne ya ƙaddamar da dokokin haddi a Satumban 1983, aka sake tsara su a kundin 1991. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi gyara a 2020, ta soke laifin ridda, ta kuma mayar da kaciyar mata laifi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da kotuna a yankuna da dama. A Saudiyya kuwa, inda mahajjata da masu umara ke zuwa, safarar miyagun ƙwayoyi na iya jawo hukuncin kisa, shi ya sa hukumomin alhazai ke gargaɗin kada a karɓi saƙon jakar kowa.

A Nijar da Chadi da Kamaru shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a laifuka. Amma diyya na da ƙarfi a Chadi, inda dangi ke biyan juna bayan kisa ko haɗarin mota. A dokance biyan diyya ko sulhun sarki ba ya hana mai gabatar da ƙara ci gaba da tuhuma, domin a wannan tsari laifin an yi wa al'umma ne baki ɗaya.

Hukuncin kisa

A nan ƙasashen sun rabu sosai. Faransa ta soke shi a 1981. Kwaddibuwa ta soke a 2000, Togo a 2009, Benin ta cire shi daga sabon kundinta na 2018. Chadi ta harbe mutum 10 'yan Boko Haram a Agustan 2015, sannan ta soke hukuncin baki ɗaya a 2020. Majalisar Gana ta cire shi daga dokar laifuka a Yulin 2023, ko da yake tsarin mulki ya bar shi a kan cin amanar ƙasa. Nijar da Kamaru ba su soke ba, amma rabon da a zartar tun 1976 a Nijar, tun 1997 a Kamaru. A Najeriya kotuna na ci gaba da yanke shi kan kisan kai da fashi da makami, sai dai zartarwa na buƙatar sa hannun gwamna, kuma gwamnoni na gudun hakan. Na baya-bayan nan an yi shi ne a jihar Edo a 2016. Dubban mutane na zaune a gidajen yari da wannan hukunci a kansu.

Idan baƙo ne aka kama

Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba duk baƙon da aka tsare damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Haka kuma yana da haƙƙin tafinta kyauta idan bai ji harshen kotu ba, wato Faransanci a Nijar, Faransanci ko Larabci a Chadi, Ingilishi a manyan kotunan Najeriya da Gana. Marar hali na iya neman lauyan gwamnati: Najeriya na da hukumar tallafin shari'a tun 1976, Nijar tun 2011, ko da yake yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke. Bai kamata mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa ba.

Gudu zuwa ƙasar maƙwabta ba ya kashe magana, domin ƙasashen CEDEAO sun ƙulla yarjejeniyar taimakon juna a binciken laifuka a 1992 da ta miƙa masu laifi a 1994. Kotun ƙungiyar da ke Abuja na karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane. Ita ce a 2008 ta umarci Nijar ta biya Hadijatu Mani sefa miliyan 10 saboda gaza kare ta daga bauta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, abin da ya toshe wa 'yan ƙasashen wannan ƙofa a kan gwamnatocinsu.

Sannan abin da yake halas a nan na iya zama laifi a can, ko ya sauya a ƙasa ɗaya. Dokar Nijar ta 2015 ta mayar da jigilar baƙin haure zuwa Libiya laifi, aka ɗaure direbobin Agadas da dama aka kuma ƙwace motocinsu, sai gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Dokoki na yawan sauyawa a yankin, don haka shugabannin zango da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin direbobi, waɗanda su ne ake fara kira idan an kama ɗan uwa, suna da buƙatar sanin wa'adin tsarewa na ƙasar da suke ciki, da ofishin da fayil yake, da lauyan da za a nema tun a ranar farko.